In Gemun Ɗan'uwa Ya Kama Wuta

Akwai karin maganar nan da kowane Bahaushe ya tashi da ita, wadda ke cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun ina yaro nake jin ta, ban kuwa taɓa tsayawa na dube ta da idon basira ba sai a 'yan shekarun nan, da na ga yadda jami'o'inmu suka riƙe ta tamkar wata doka da aka rubuta musu. Mai karatu, ka lura da kyau. A cikin maganar nan ruwa yana hannunka, wuta kuwa tana fuskar ɗan'uwanka, amma abin da aka hore ka da shi shi ne ka jiƙa naka gemun. Na sani sarai magabata ba rowar ruwa suke koya mana ba, gargaɗi suke yi a kan sakaci. Sai dai mu mun karɓi gargaɗin, mun bar ɗan'uwan yana ci da wuta.

Ga yadda abin yake gudana a zamaninmu. Da hantsi labari zai iso cewa an auka wa wata makaranta, an kashe ɗalibai ko an kwashe su an yi daji da su. Kafin azahar hotuna sun cika wayoyi, kowa ya rubuta Allah ya jiƙansu. Kafin la'asar ƙungiyar ɗalibai ta fitar da 'yar takarda tana Allah wadai, tana kira ga gwamnati da ta tashi tsaye. Hukumar makaranta kuma ta ƙara masu gadi a bakin ƙofa, ta ce daga yau kowa ya rataya katin shaidarsa a wuya, a riƙa buɗe bayan kowace mota. Bayan kwana uku sai a koma zancen jarrabawa da rashin ruwa a ɗakunan kwana. Idan ka tara dukan abin da aka yi a kwana ukun nan, za ka tarar babu ko ɗaya da ya isa wurin waɗanda abin ya shafa.

Mu mazauna Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba haka muka ga iyayenmu suna yi ba idan an yi rashi a gidan maƙwabci. Ba wanda ke jiran a aiko masa. Da jin salati, wannan ya fito da tabarmi, wancan ya share ƙofar gida, samari sun ɗauki diga da shebur sun nufi maƙabarta, mata sun ɗora tukunya domin an san gidan mutuwa ba ya hura wuta. Ɗan kasuwar Tarauni zai rufe rumfarsa ya bi gawa, ko da kuwa jiya suka yi cacar baki da mamacin a kan bashi. Sa'an nan a zauna kwana uku ana karɓar gaisuwa. Abin da ya fi ba ni sha'awa kuwa shi ne abin da ke biyo baya, bayan an naɗe tabarmi baƙi sun watse: wani dattijo zai riƙa leƙawa yana tambayar marayu ko sun koma makaranta, wani ya tsaya a kan maganar gado har a raba, a zo ranar arba'in a sake haɗuwa. Na san malamai sun yi saɓani a kan sadakar bakwai da ta arba'in, ni kuwa ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da nake nufi shi ne unguwa tana da hanyar da take komawa kan mamacinta bayan hawaye sun bushe, jami'a kuwa ta iya ranar farko kaɗai.

Da ba haka muke ba, tarihi shaida ne. A watan Afrilu na 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara wa ɗalibai kwabo 50 a kan kuɗin abincinsu na kowace rana, ya tashi daga naira 1 da kwabo 50 ya koma naira 2. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan lokaci, NUNS, wadda Segun Okeowo yake shugabanta, ta ce ba ta yarda ba, aka shiga boren da ake kira “Ali Must Go”, watau dole Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, ya sauka. Ranar 18 ga Afrilu 'yan sanda suka harbe Akintunde Ojo, ɗalibin Jami'ar Ikko. Tsakanin Ikko da Zariya tafiya ce ta yini guda cur, babu wayar hannu, babu intanet, sai rediyo da jarida da bakin direbobi. Yawancin ɗaliban Samaru ba su taɓa jin sunan Ojo ba kafin ranar, ba harshensu ɗaya ba, ba garinsu ɗaya ba. Duk da haka suka fito, aka turo musu soja, aka harbe wasu daga cikinsu. Daga baya gwamnati ta soke NUNS, ta kuma sauke shugabannin jami'o'in biyu, Farfesa Ade Ajayi na Ikko da Farfesa Iya Abubakar na Zariya.

Shekara takwas bayan haka aka sake kwatawa, kuma yadda abin ya faro shi ne ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A Afrilun 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano don tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Aka zarge su da keta doka saboda ayarin ya ratsa ta ɗakin kwanan mata na Amina, hukumar jami'a a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ƙungiyarsu, ɗalibai suka ce ba su yarda ba, aka kira 'yan sandan kwantar da tarzoma. Ranar 23 ga Mayu aka buɗe wuta a Samaru. Hukuma ta ce mutum 4 suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka, cikin waɗanda suka rasu kuwa har da ɗaliba Farida Mustapha. Watau waɗanda suka faɗi a 1986 sun faɗi ne a sanadin zaman makokin waɗanda suka faɗi a 1978.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi girman ta'aziyyar da makarantun ƙasar nan suka taɓa yi wa junansu. Ɗalibai suka fito Kudu da Arewa, har gwamnatin Janar Babangida ta rufe makarantu masu yawa. Malaman jami'a suka tsaya tare da ɗalibansu. Ƙungiyar Ƙwadago ta ƙasa, wadda Ali Ciroma yake shugabanta, ta sa ranar 4 ga Yuni don ma'aikata su fito su nuna juyayinsu, gwamnati ta hana, ta kama shugabannin. Aka kafa kwamitin bincike na Manjo Janar Emmanuel Abisoye a kan Zariya, da na Mai Shari'a Mustapha Akanbi a kan sauran makarantu. Sa'an nan aka haramta NANS, wadda ta gaji NUNS, aka kuma raba ƙungiyar malaman jami'a da Ƙungiyar Ƙwadago da ƙarfin doka. A 1989 aka zo da dokar soja mai lamba 47, wadda ta ba hukuma ikon rushe ƙungiyar ɗalibai. Duk wanda ya dubi jerin matakan nan zai gane abin da ya tsorata masu mulki. Fushin Samaru kaɗai ba zai hana su barci ba. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne ganin cewa in an taɓa Samaru sai Nsukka ta yi kuka, lebura kuma ya ajiye aiki. Igiyar nan ce aka sa wuƙa aka yanke, mu kuwa da muka zo daga baya muka tarar da ita a yanke muka ɗauka haka Allah ya halicce ta.

Mu a Kano abin ya fi kusa da mu fiye da kowa. Jami'ar Bayero reshe ce da ta tsiro daga jikin Jami'ar Ahmadu Bello, ta yi shekaru tana Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashinta kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Hanyar da ta haɗa uwa da 'ya kuwa ita ce wannan da ta wuce ta ƙofar gidajenmu a Gyaɗi-Gyaɗi ta miƙe ta Unguwa Uku. In an yi rashi a Samaru, a gidan kakanninmu aka yi.

To, a nan dole in tsaya in saurari masu ja da ni, domin suna da hujja mai nauyi. Za su ce: kai mai rubutu, ka manta da 1987? Ban manta ba. Ranar 6 ga Maris na shekarar rikici ya tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki wutar ta tsallaka Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada, aka yi hasarar rayuka da dukiya. Waɗanda suka kunna wutar nan a garuruwan da ba su san hawa ba su san sauka ba, su ma cewa suka yi suna taya 'yan'uwansu baƙin ciki ne. Saboda haka idan shugaban jami'a ya ji an yi ɓarna a wata makaranta ya yi maza ya rufe tasa, ya ce kowa ya kwashe kayansa kafin magariba, ba kullum ne mugunta ko tsoro ke sa shi ba. Sau da yawa yana tuna iyayen da za su zo su tsaya a ofishinsa ne suna tambayar 'ya'yansu. Ni ma ba na fatan a sake ɗaukar gawar ɗalibi ko ɗaya da sunan juyayi, ba kuma na yarda cewa jinin 1978 da na 1986 wajibi ne ya zuba ba.

Amma hujjar nan ta nuna abu ɗaya ne kawai, cewa fushi ba shi da linzami. Ba ta nuna cewa shiru shi ne magani ba. Kuskuren da muka yi shi ne muka ɗauka hanya biyu ce kaɗai a gabanmu, ko dai a fito titi da duwatsu ko kuwa a kulle ƙofa a yi tsit, da aka toshe ta farko sai muka zauna a ta biyu. Alhali kuwa maƙwabcin da ya kawo tabarma da tuwo gidan mutuwa bai jefi kowa ba, bai kuma kulle ƙofarsa ba.

Mun ɗanɗana zama gidan mutuwar da kanmu. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012, wata uku bayan harin 20 ga Janairu da ya girgiza birnin nan, 'yan bindiga suka shiga tsohon mazaunin Jami'ar Bayero suka auka wa Kiristoci suna cikin ibada. Aƙalla mutum 15 suka rasu, cikinsu har da Farfesa Jerome Ayodele na sashen kimiyyar sinadarai da Farfesa Andrew Leo Ogbonyomi na sashen ilmin ɗakin karatu, mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna koyar da 'ya'yan Kanawa. Aka kwaso waɗanda suka ji rauni zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, nan bakin unguwarmu. Duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa ya san wani abu da ba a koyarwa a aji: ba ka riƙe kalmomin da aka faɗa maka, amma har ka mutu kana tuna wanda ya tako ya zo, kana kuma tuna wanda bai zo ba. Wanda ya zauna a Kano a shekarar nan bai kamata a sake koya masa darajar takowa ba.

Shekara biyu bayan haka aka jarraba mu ta wata fuska. A cikin wata uku na 2014 aka kai hari makarantu uku a birnin nan: Makarantar Koyon Aikin Tsafta ranar 23 ga Yuni, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha ranar 30 ga Yuli, sa'ad da ɗalibai suka taru suna duba sunayensu na bautar ƙasa, sai Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Ƙofar Famfo ranar 17 ga Satumba. Wannan ta ƙarshe da ƙafa ma ana zuwa daga tsohon mazaunin Bayero. A nan zan faɗi wata magana mai ɗaci. Akwai wani girman kai da ke tattare da mu 'yan jami'a, wanda ke sa mu ga ɗan kwaleji kamar ƙanen da bai ci jarrabawa ba, har mutuwarsa ma ba ta kai tamu nauyi ba. Kowa ya tambayi zuciyarsa ko ya ji harin Ƙofar Famfo kamar yadda ya ji na Afrilun 2012.

Irin wannan zaɓen gawa yana da wata fuskar da ta fi muni. A makon farko na Oktoban 2012 an kashe ɗalibai a wuri biyu. A Mubi 'yan bindiga suka bi gidajen da ɗalibai ke haya a Wuro Fatuji da dare, suka kashe aƙalla mutum 25. Bayan 'yan kwanaki, a ƙauyen Aluu kusa da Jami'ar Fatakwal, taron jama'a ya kashe ɗalibai 4 bisa zargin sata. A ganina kowane ɓangare na ƙasar nan nasa ya yi wa kuka, har aka koma gardamar wace gawa jaridu suka fi ba fili. Ɗaliban Samaru na 1978 ba su tambayi garin Akintunde Ojo ba. Ƙungiyar da za ta yi makokin Farfesa Aliyu Mani, wanda bam ya kashe a masallacin Jami'ar Maiduguri a Janairun 2017, amma ta yi gum a kan Farfesa Ayodele, ko kuwa ta yi akasin haka, ta sauka daga matsayin ƙungiyar ɗalibai ta koma ƙungiyar 'yan gari ɗaya.

Ko ta fuskar shafa wa gemu ruwan ma, dabararmu ba ta cika ba. Katanga da masu gadi suna tsare wanda yake ciki ne. Ɗaliban Mubi a waje suke kwana. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Satumban 2023, yawancinsu mata, daga gidajen haya na Sabon Gida aka kwashe su. Mu ma nan ɗalibai nawa ne suke haya a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Darmanawa, musamman masu koyon aikin likita da jinya da ke son kusa da asibiti? Mai unguwa bai san adadinsu ba, ƙungiya ba ta da sunayensu, maƙwabta kuma “'yan makarantar nan” kawai suke ce musu. Da mun aika mutane Mubi ko Gusau sun zauna da waɗanda suka tsira sun ji yadda aka yi, da sun dawo mana da ilmin da babu wata takardar sanarwa da za ta ba mu. Mai zuwa ta'aziyya yana komowa da labarin ciwon da ya kashe mamaci.

In ana neman misalin waɗanda suka riƙe arba'in ɗinsu, ba sai an je Turai ba, a leƙa Yamai. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibu, ɗaliban jami'ar can suka yi jerin gwano, jami'an tsaro suka tare su a Gadar Kennedy suka harbe 3 daga cikinsu. Ƙungiyar ɗaliban Nijar, USN, wadda ta haɗa ɗan jami'a da ɗan sakandare a inuwa ɗaya, ta mayar da ranar nan abin tunawa shekara bayan shekara, a Yamai da sauran garuruwa, tana kiran sunayen mamatan tana neman a yi musu shari'a. Kisan nan yana cikin abubuwan da suka tura ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Yaran da ba a haifa ba a 1990 sun san abin da ya faru a gadar. A Badun ma ginin ƙungiyar ɗalibai yana ɗauke da sunan Kunle Adepeju, wanda 'yan sanda suka harbe ranar 1 ga Fabrairu 1971. Mu kuwa, tsayar da ɗalibai goma a bakin ɗakin karatu ka tambaye su me ya faru ranar 23 ga Mayu 1986, ina shakkar ko biyu za su amsa.

Ku kuma 'yan'uwa ƙananan ma'aikata da kuka bar makaranta jiya-jiya, kada ku ce maganar ta wuce ku. Kowane kwamitin bincike yana da sakatare, kowane rahoto yana da fayil, kowace farar takarda tana da akawun da ya buga ta da ofishin da aka ajiye ta. Alkawarin diyya da na biyan kuɗin magani da ake yi a gaban gawa, a kan teburanku yake zuwa ya kwanta. Ba na ce ku fitar da asirin ofis ba. Cewa nake yi idan fayil ɗin wata uwa da ɗanta ya mutu a makaranta ya iso gabanka, ka tuna kai ma ka kwana a irin ɗakin da ya kwana, kada ka bar shi ƙarƙashin tulin takardu har ƙura ta rufe shi.

Abin da nake roƙon ƙungiyarmu ba ya bukatar izinin 'yan sanda, ba ya kuma bukatar kuɗi mai yawa. Idan an yi rashi a wata makaranta, jami'a ce ko kwaleji, a tashi wakilai, maza da mata, Musulmi da Kirista, su shiga mota a Unguwa Uku ko inda ya dace su je su zauna a tabarmar mutane. In a cikin gari ne, a tara masu ba da jini tun ranar, asibiti ga shi nan kusa. In an rufe makarantarsu, a nema wa 'yan ajin ƙarshe izinin shiga ɗakin karatunmu. Bayan kwana arba'in kuma, sa'ad da jaridu suka juya baya, a rubuta wa hukuma takarda cikin ladabi a tambaye ta ina rahoton da ta yi alkawari, a buga amsar a mujallar nan, in ba a amsa ba a buga cewa ba a amsa ba, a sake tambaya a zango mai zuwa. Shugabannin ƙungiya shekara guda suke yi su sauka, shi ya sa ake cin mu da jinkiri, saboda haka wajibi ne maganar ta zauna a rubuce, mai sauka ya miƙa wa mai hawa.

A fara da abu mafi sauƙi. Sakataren ƙungiya ya sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, irin na rajista, ya ja layi huɗu: suna, makaranta, rana, da inda maganar bincike ta tsaya. Layin farko Kunle Adepeju, Badun, 1 ga Fabrairu 1971. Na biyu Akintunde Ojo, Ikko, 18 ga Afrilu 1978. Sunayen mutanen Samaru na 1978 da na 1986 kuwa, a tashi mutum biyu su bi hanyar Zariya su je su karɓo su ɗaya bayan ɗaya daga bakin tsofaffin malamai da ma'aikatan da suka ga abin da idonsu, tun suna raye.